Itacen da Ya Tsiro a Garkar Inna

Mahaifiyata ba ta shuka bishiyar nan ba. Da wannan na fara domin shi ne abin da na yi ta faɗa a shekarar har muryata ta dushe, babu wanda ya tsaya ya saurare ni. Da kanta ta tsiro a bayan rijiya, daidai inda ruwa yake kwantawa idan guga ya zube. Garkarmu tana fadamar ƙauyenmu, a kan hanyar yashi da ta bar Dogon Dutsi ta nufi Sukukutane. Babanmu ne ya haƙa rijiyar ya kewaye wurin da ƙaya, da ya rasu kuma Inna ta ci gaba da noman albasa da tumatir da yakuwa, ita kaɗai, da gugarta da 'yar fartanyarta.

Inna ba ta tuge tsiron da ba ta sani ba. Halinta ke nan. Ko ciyawa ce baƙuwa, sai ta ce a bar ta tukuna a ga abin da ya kawo ta. Da ta ga wannan tsiro mai ganye masu kauri, sababbin kuma jajaye, sai ta kafa masa 'yan ƙayoyi saboda awaki, ta yage bakin wani tsohon zanenta ta ɗaura masa don kada jikoki su tattake shi. Zanen ja ne. Da baƙi ko shuɗi ne a hannunta ranar, da shi za ta ɗaura, amma ja aka samu.

Sai na faɗi asalin Inna kafin sauran labarin ya zauna. 'Yar Lugu ce. A ƙasarmu ta Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, idan an ce mutum ɗan Lugu ne, ba a ƙara komai, mai ji ya riga ya ƙarasa da kansa, domin garin ya yi suna da iskoki da masu yi musu hidima. Kakarmu ta wajen uwa 'yar bori ce, wannan gaskiya ne, ba na ɓoye shi. Amma Inna ta bar Lugu tun tana budurwa, kuma ni dai tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ta bar salla ta wuce ta ba. Mutanen ƙauyenmu sun zauna da ita lafiya shekara da shekaru, sun ci tuwonta, ta wanke musu jarirai. Ashe maganar Lugun nan ajiye ta kawai suka yi, ba su yar ba.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yanta, ni da ƙanena. Ni ina aure a Dogon Dutsi, ina ɗinki. Shi yana ƙauye da matarsa da 'ya'yansa, yana da ɗan shago, yana zuwa Dutsi a kan babur ɗinsa sarin kaya. A can ya haɗu da samarin da suke karatun addini da zafinsu, ya dawo da gemu da ɗangalallen wando da hadisi a baki. Na sha tsokanarsa, ina ce masa ko yadi ne ya yi tsada ya kawo in ƙara masa ƙafar wandon kyauta. Yakan yi dariya. Ba mugun yaro ba ne, kada a ɗauke shi haka. Shi ya rufa wa Inna ɗaki da kwano, shi yake ɗaukar ta zuwa likita. Kuma kullum bayan azahar, duk da matarsa tana dama tata furar, sai ya rufe shago ya zo ƙofar ɗakin Inna ya zauna a tabarma, ta miƙo masa ƙwarya. Wannan furar ita ce alfaharin Inna a duniya. Tun da hantsi take fara hidimarta, ta zaɓi nonon da kanta a wajen matan Fulani, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ludayi.

Bishiyar ta yi 'yan shekaru tana girma babu wanda ya kula da ita. Ba ta yi tsawo ba, sai faɗi, rassanta suna neman ƙasa. A bazarar da nake magana ta yi fure ƙanana masu ƙamshi, sannan ta fitar da abin da babu wanda ya taɓa gani a ƙauyenmu. Na zo ganin gida a lokacin, Inna ta ja ni garka ta nuna mini. Ɗan itace ne mai kamar tattasai babba, wani rawaya wani ja, fatarsa tana sheƙi. A ƙasansa kuma, a waje fili, wani ƙwallo ne mai launin toka yake reto, lanƙwasasshe kamar ƙodar akuya. Duk ɗan itacen da na sani ƙwallonsa a ciki yake. Wannan ya fito da nasa waje ya rataye. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma sai da tsigar jikina ta tashi.

Inna ta ce kada kowa ya ci tukuna. Haka ake yi da baƙon itace a wajenmu, a zuba ido a ga ko tsuntsaye suna sha, ko awaki suna ɗaukar wanda ya faɗo. Tsuntsaye kuwa sun sha, har faɗa suke yi a kai. Inna tana cewa saura kaɗan ta ɗanɗana da kanta, sai 'yar ƙanena ta riga ta.

Yarinyar ba ta ma isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Ta biyo kakarta garka kamar kullum, Inna tana jan ruwa, ita kuma ta tsinci ɗaya a ƙasa. Ba ta ciji naman ba, ƙwallon nan ta sa wa haƙori, tana zaton gyaɗa ce babba. Inna ta ce ihunta kawai ta ji. Kafin la'asar leɓen yarinyar ya kumbura ya yi ƙuraje, washegari ya yi baƙi har gefen kumatu, kamar an ɗora mata garwashi. Aka kai ta likita, aka ce ƙuna ce, aka ba da man shafawa. Fatar ta saɓule, sabuwa ta fito, yarinya ta warke sarai. Sai dai kafin ta warke magana ta riga ta zaga gari.

Aka ce ƙuna babu wuta, ai wannan marin doguwa ne. Doguwa kuwa iska ce, kowa ya san a bishiya take zama. Nan take kowa ya tuna abin da ya taɓa gani. Wata ta ce ta daɗe tana lura da jan ƙyallen nan. Wani ya ce ya sha jin tsohuwar tana sallama idan za ta shiga garkar, alhali babu kowa a ciki, kuma gaskiya ne tana yi, haka take yi ko ɗakinta za ta shiga. Abin da ya fi yin muni shi ne nono. Idan ƙanena ya gama shan fura, Inna takan tafi garka da ƙwaryar ta wanke a bakin rijiya, ta watsa ruwan wankin a gindin bishiyar, domin ita ba ta zubar da ruwa a banza. Ruwan fari ne, mana. Masu leƙe ta saman ƙaya suka ce da idonsu sun ga tana zuba wa doguwa nono.

Ina gidan ranar da ƙanena ya zo mata da maganar. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum, sannan ya ce, kansa a ƙasa:

"Inna, iccen nan na garka, so nike in sare shi."

"Mi yai maka?"

"Kin ga bakin ɗiyata."

"Na gani, ni na goya ta har gida. Ta ciji abin da ba a ciza, ta ji jiki, ta warke."

"Mi as sunanshi, Inna?"

"Ban sani ba."

"Wa ya shuka shi?"

"Wanda ya shuka itatuwan daji."

Sai ya ce, "Mutane na cewa kina zuba mishi nono."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta canza irin na ranar ba. Ta ajiye muciyar da ke hannunta a hankali. Ta ce masa da tun farko ya zo ya ce itacen yana da haɗari ga yara, da ita da kanta za ta miƙa masa gatari. "Amma yanzu da kac ce haka, ba a taɓa shi. In anka sare shi yau, gobe gari duka za su ce ashe gaskiya na, 'yar Lugu tana da doguwa, ɗanta ya kore ta. Ni ban ajiye komi ba. Icce na, kamar kowane icce."

Ƙanena ba zai ɗaga gatari a kan maganar mahaifiyarsa ba, karatun nasa ma ya hana shi. Sai ya nemi wata hanya, wadda a ganina ta fi gatarin zafi. Washegari bayan azahar ya zo, ya gaishe ta, ya zauna a tabarmarsa. Ta miƙo ƙwarya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, na ƙoshi." Ya ɗan taɓa hira, ya tashi. Jibi ma haka. Bai daina zuwa ba, bai ɗaga mata murya ba, furar ce kawai ya daina sha, yaransa kuma ya hana su zuwa garka.

Inna ba ta daina damawa ba. Kullum sai ta sayi nono, ta daka, ta dama, ta rufe da faifai ta jira. Ya zo, ya ce ya ƙoshi, ya tafi. Da yamma ta juye wa awaki, domin maƙwabtan da a da suke aiko yara karɓar saura sun daina aikowa.

Na same shi a shagonsa na wanke shi tas. Na ce masa da wannan ƙwaryar aka raine shi har gemun da yake taƙama da shi ya fito. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita a nan ba. Ya bar ni na gama, idonsa ya yi ja, ya ce:

"Yaya, ban ce Inna tana shirka ba. Allah ya tsare bakina. Cewa nai ban sani ba. Da ƙwaryar da nike sha, da ita aka ganin tana zuba wani abu ga iccen. Abin da ni ka shakka, ba ni sa shi cikina. Ki samo mini sunan iccen, da mutum guda wanda ya san shi ya taɓa ci. Wallahi ranar, gaban kowa za ni sha."

Na tsane shi a lokacin, kuma na ga shi ma yana shan wahala. Ya rame. Abokan karatunsa suna kallonsa, surukansa suna kallonsa, ga 'yarsa da tabo bai gama bajewa ba.

To, sai neman suna. Abin da sauƙi a baki. Bazara ce, duk mazan ƙauyen da suka san duniya, masu zuwa Kwatano da Legas da Abijan, suna can ci-rani, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da mata, su kuma ko hanyar garkar sun daina bi. Salular lokacin irin mai tocila ce, ba ta ɗaukar hoto. Na yanke shawarar in kai abin kasuwar Dutsi.

Na tsinki guda uku. Da yake ina tsoron ƙwallon, sai na sa tsumma na murɗe shi na cire, na haƙa rami na binne, na zuba naman kaɗai a leda na hau kabu-kabu. Ranar bazara ta Arewa kuwa ba ta wasa. Kafin in kai shi kasuwa washegari ya zama wani abu mai yauƙi da tsami, ruwansa ya ɓata mini zane, tabon bai fita ba har zanen ya mutu. Na bi masu mangwaro da masu lemo ina buɗe leda. Wani ya ce ruɓaɓɓen tattasai ne. Wani ya ce in ɗauke masa daga kan kaya kada ƙudaje su taru. Wani tsoho mai saiwoyi ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce in zauna ya gaya mini ko wace iska ce mai shi. Saura kaɗan in juye masa ledar a rawani. Wata mai tumatir ce ta yi mini maganar hankali, ta ce in koma in zo da shi da reshensa da ganyensa da komai, yadda Allah ya yi shi, domin babu mai gane abu a haka.

Ban samu komawa ƙauye da wuri ba, ɗinkin biki ya riƙe ni. Da na koma, na tarar abin ya ƙara lalacewa. Wasu mata 'yan bori daga wani ƙauye sun ji labari, sun zo da kaza da turare suna roƙon Inna ta bar su su gai da mai bishiyar. Inna ta kore su har da jifa. Amma an ga shigarsu gidan, kuma wanda ya ga shigar bai tsaya ganin fitar ba. Masu sayen albasarta suka koma wajen wasu. An yi suna a maƙwabta ba a aiko mata ba, ita da take wankan jego a unguwar tun kafin a haifi uwar jaririn. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, wuyanta ya yi tsawo, ƙwarya a rufe a gefenta.

Na je garka na yanko reshe guda mai ganye da 'ya'ya biyu, kusan na ƙarshe ke nan a bishiyar. Na shimfiɗa shi a kwando na rufe da jiƙaƙƙen zane. Inna tana kallona, da mai babur ya iso sai ta tambaye ni:

"Ya ce in anka san sunan, shina sha?"

"Haka yac ce, Inna."

"In ba a sani ba hwa?"

"Za a sani."

"Iccen ya kusa gama ɗiya," in ji ta. "In wanga ya ruɓe, sai baɗi."

Na ce mata ba za a kai baɗi ba. Ta gyaɗa kai kawai. A hanya na yi ta juya maganar, raina bai kwanta ba, amma na ɗauka gajiya ce take damunta.

Ranar kasuwa na fita da kwandona tun da safe. Ban ma kai rumfar masu 'ya'yan itace ba. Ina ratsawa ta gefen kasuwar dabbobi sai na ji an kira ni da sunan babana. Wani dattijon Bafillace ne da na sani tun ina yarinya. Zamanin babanmu, duk shekara idan sun dawo daga kudu, shanunsu a gonarmu suke kwana su bar mana taki, su sha a rijiyarmu, baba ya ba su gero. Bayan rasuwarsa ma sun ci gaba da yada zango a bayan garkar. Ya ce garken yana baya, shi ya riga su ne ya duba ko ruwa ya taɓa ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi Inna, na ce tana nan. Ya ce mene ne a kwando nake rufewa haka kamar jariri.

Na buɗe. Ya yi dariya har da tafa hannu. Kafin in hana shi ya tsinke ɗaya, ya murɗe ƙwallon ya jefa a aljihu, ya kafa baki ya tsotse ruwan yana zubo masa a gemu.

"Akaju!" in ji shi. "Ina kinka samo akaju a Arewa?"

Na riƙe hannunsa na ce ya maimaita. Ya ce akaju ake ce masa a ƙasar Benin inda suke kai shanu rani, Hausawan Najeriya kuma yazawa suke cewa. A can gonaki ne guda guda, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka fita daga cikinsu ba, har sun tare musu hanyoyin kiwo. Naman ana sha. Ƙwallon kuma gasa shi ake yi a wuta a fasa, abin da ke ciki ya fi gyaɗa daɗi, amma ɓawon yana da wani mai da yake ƙona fata. Ya ce babu ɗansa da bai taɓa ƙona baki da shi ba. Yaransu sukan ciko aljihu da ƙwallayen idan za su dawo, su riƙa gasawa a hanya. Da na ce masa a bayan rijiyarmu ya tsiro, sai ya kama baki ya ce to lalle daga aljihun ɗaya daga cikinsu ya faɗi.

Na tsaya a tsakiyar kasuwar dabbobi ina kuka, mutane suna kewaye ni da tumakinsu. Na gaya masa duk abin da ya faru. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce jibi zai bi ta ƙauyenmu, zai tsaya a ƙofar masallaci ya sha abin a gaban duk wanda yake son gani. Ni kam ba zan iya jiran jibi ba. Na rufe ɗayan da ya rage, na nufi tashar kabu-kabu.

Na ce wa mai babur ya sauke ni a fadama, ina so in ƙara tsinko ko guda ne in shiga gida da shi. Tun daga nesa na ga wurin ya yi fili. Na tura ƙofar ƙaya na shiga. Kututture ne kawai a bayan rijiya, an sassare shi ta ko'ina, sara marar kyau, irin na wanda hannunsa ba shi da ƙarfi. Rassan an ja su gefe an tara, ganyen bai gama yaushi ba.

Ban tsaya tunani ba. Na ce a raina ƙanena ne. Na kama hanyar gida da ƙafa, kwando a kai, ina shirya masa zagin da zai tuna har tsufansa.

Na shiga gidan na tarar da mutane. Mata uku na unguwa, waɗanda suka yi makonni ba su taka gidan ba, suna zaune a inuwa. Ƙanena yana kan tabarmarsa a ƙofar ɗakin Inna, ƙwarya a cinyarsa, ludayi a bakinsa. 'Yarsa tana jingine da kakarta. Hannuwan Inna duka biyu a naɗe suke da tsumma. Ɗaya daga cikin matan ta tare ni da fara'a.

"Kin zo a sa'a. Tsohuwarku ta yi abin kirki, da hannunta ta sare shi tun da sahe. Allah shi karɓi tubanki, Inna."

"Amin," in ji Inna.

Da kunnena na ji ta ce amin. Na buɗe baki, sai ta ɗago ido ta dube ni, irin kallon da take yi mini ina ƙarama idan zan yi magana a gaban baƙi. Ta tashi ta ce in kawo mata kwandon ɗaki.

A ɗaki na sauke murya na zazzage mata komai, Bafillacen, da Benin, da gonakin, da man da ke cikin ɓawo, da aljihun yara. Na buɗe zane na nuna mata ɗayan da ya rage. Ta saurara har na gama.

"Mi kinka ce sunan?"

"Akaju."

"Akaju," ta faɗa a hankali. "Ana ci?"

"Ana sha, Inna. Gabana ya shanye guda."

"Da daɗi?"

Na ce ban sani ba, ni ma ban ɗanɗana ba. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta taɓa ba. Na ce mata jibi mutumin zai zo, zai tsaya a ƙofar masallaci, kowa zai ji kunya, matan nan na waje sai sun durƙusa sun roƙe ta gafara.

"Ki aika mishi kar shi zo," in ji ta. "Kuma kak ki hwaɗa ma ƙanenki."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce ta san abin da take cewa kuwa? Gari duka yanzu sun tabbata tana da doguwa ta kore. Abin da ta ce ba za ta taɓa yarda a ce ba, shi ta sa wa hannu da gatari.

"Na sani. Ni na sare, ai."

"To don mi, Inna? Kwana guda kawai za ki jira!"

"Ban san kina samowa ba. Na duba na ga in wanga ya ruɓe sai baɗi, ni kuwa ban da tabbacin baɗi." Ta gyara tsumman hannunta. "Yanzu kuma an riga an yi. In kin hwaɗa mai, mi za shi ji? Za shi ji ya bar uwarshi tana zuba hura ga awaki saboda ɗan icce da yara ka sha. Na san ɗana. Ba shi iya ɗaga ido ya dube ni. Da, shakka ta hana shi sha. In ya ji wanga, kunya za ta hana shi shigowa gidan ma."

"Sunanki hwa?"

"Su ce abin da sunka so."

Na yi fushi da ita ranar fiye da yadda na yi da shi, kuma har yau idan na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Amma na yi abin da ta ce. Na aika wa dattijon kada ya tsaya, ya wuce da shanunsa. Inna ta rayu shekaru bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ƙauyenmu suna ba da labarinta a matsayin 'yar Lugun da ta tuba da tsufanta. A zaman makokinta ma sai da wata ta faɗa, tana yabo, ni kuma ina zaune na haɗiye maganar da ke bakina.

A ranar dai ina tsaye a ɗakin, kwando a gabana, na kasa fita domin fuskata za ta tona ni. Sai muka ji muryar ƙanena daga waje.

"Inna, akwai saura?"

Ta miƙe da sauri har tana tuntuɓe da kwandon. Ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, ta ɗauki ƙwarya ta biyu da ta rufe a bayan ƙofa. Tafin hannunta duk ya fashe, ba ta iya riƙe ta, sai ta tallabe ta da damatsa ta manna a ƙirji. Na miƙa hannu in karɓa mata.

"Bari," in ji ta. "Ni za ni kai mai."